Haihuwa Ɗaya, Sai Shiru

Ƴar'uwa mai karatu. Kai ma maigida, in takardar nan ta shigo hannunka, kada ka ajiye ta ka ce zancen mata ne. Rabin zancen naka ne.

Yau ina so mu yi magana a kan abin da ba a cika faɗa a fili ba. Mace ta yi aure, ta haihu lafiya. An yi suna, an yanka rago. Ta yi goyo, ta yaye. Daga nan sai shiru. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi ta. Waɗanda suka yi jego tare da ita sun yi na biyu, sun yi na uku. Ita kuwa zanen goyonta yana nan ninke cikin adaka.

Irin wannan mace ba a ce mata juya, tunda ga ɗanta yana wasa a tsakar gida. Ba a kuma tausaya mata sosai. In ta yi kuka, sai a ce ta gode wa Allah, ai tana da ɗaya. In ta yi shiru, sai a ce ko wani abu take sha a ɓoye. Na san wannan hali ciki da waje, domin ni ma a cikinsa nake. Ni malamar karatun manya ce a nan ƙasar Gure. Shekaruna 34. Ɗana ɗaya ne, namiji, ya shiga shekara ta 11. Ɗan fari ne, kin san ba zan faɗi sunansa ba.

Ba ke kaɗai ba ce

A ƙasarmu ta Nijar haihuwa tana da yawa. Binciken da aka yi a shekara ta 2012 ya nuna mace takan haifi ƴaƴa 7 zuwa 8 a rayuwarta. A jiharmu ta Damagaram lissafin ya wuce 8. Da aka sake bincike a 2021, na ƙasa duka ya sauko wajen 6. To, mai ɗa ɗaya a tsakiyar masu shida da masu takwas, dole ta ga kamar ita kaɗai aka ware.

Ba haka ba ne. A shekara ta 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, cikin manya 6 a duniya, 1 yakan gamu da jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Masana sun kuma yi lissafi a kan shekara ta 2010. Cikin mata 100 masu neman haihuwar fari, wajen 2 ne suka yi shekaru ba su samu ba. Amma cikin mata 100 da suka taɓa haihuwa suna neman ƙari, fiye da 10 ne abin ya tsaya musu. Kin gani ke nan. Irinmu mun fi waɗanda ba su taɓa haihuwa ba yawa nesa ba kusa ba. Ba mu dai faɗa ne.

Yadda ciki ke shiga

Haihuwa ta Allah ce, babu mai gardama. Ruwan sama ma na Allah ne, amma manomi ba ya ƙin gyara gonarsa. Saboda haka bari mu duba yadda Allah ya tsara abin.

A cikin marar mace akwai mahaifa. Gefe da gefenta akwai ma'ajiyar ƙwai guda 2, ɗaya dama, ɗaya hagu. Daga kowace ma'ajiya akwai siririyar hanya da ta biyo zuwa mahaifa. Kowane wata ƙwai ɗaya yakan nuna ya fito, ya shiga hanyar nan. A cikin hanyar yake gamuwa da irin namiji. In sun gamu, sai ya gangaro mahaifa ya zauna. In ba su gamu ba, sai jinin wata ya zo.

Ƙwan mace ba ya wuce kwana 1 da rai bayan ya fito. Irin namiji kuwa yana iya kai kwana 5 a jikin mace yana jira. Ke nan a wata guda, kwanakin da ciki ke iya shiga ba su wuce 6 ba.

Duk wadda ta taɓa aikin garka a kwarurukanmu na Muniyo ta san abu ɗaya. Rijiya tana iya cika da ruwa, ƙasa tana da kyau, iri yana da kyau. Amma in rairayi ya cika hanyar ruwa, shuka ba ta sha. Haka hanyoyin nan biyu suke. Sun fi tsinken tsintsiya siranta daga ciki. Abu kaɗan ke toshe su.

Abin da ke toshe hanya

Tun a shekara ta 1985 aka fitar da wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 25. A cikin matan Afirka da aka duba, fiye da 8 cikin 10, ƙwayoyin cuta ne suka jawo musu rashin haihuwa. Wato ciwo ne ya shiga, ya yi miki, ya warke, ya bar tabo. Tabon shi ne rairayin. Ƙofa uku ciwon ya fi shigowa.

Ƙofa ta farko ita ce haihuwa da ɓari. Ta nan nawa ya shigo. Lokacin da na gama makarantar horon malamai, an kai ni wani ƙauye mai nisa da kwalta. Can naƙuda ta kama ni cikin damina, a gida. Na kwana biyu a kanta. Yaro ya fito, uwar tafiya ta yi jinkiri, sai da aka sa hannu. Kwana uku bayan haka zazzaɓi ya rufe ni, mara tana ciwo, jinin biƙi ya canza wari. Tsofaffi suka ce ɗanyen jiki ne, a ƙara wa ruwan wanka zafi, a ƙara kanwa a kunu. Da zuciya ɗaya suka faɗa. Amma ruwan zafi da kunun kanwa ba sa kashe irin wannan ciwo. Sai da hanya ta bushe aka ɗora ni a amalanke zuwa gidan likita, aka yi mini allurai. Na tashi, na yi goyona, kowa ya manta. Ashe ciwon ya bar sawunsa a ciki.

Ƙofa ta biyu ita ce ciwon sanyi da ake ɗauka wajen saduwa. Namiji yakan gane shi da wuri, don fitsari yana yi masa zafi, wani lokaci har da ruwa mai kama da mugunya. Mace kuwa sau da yawa ba ta jin komai. Ciwon yana hawa sama a hankali har ya kai hanyoyin ƙwai. In maigida ya sayi ƙwaya biyu a tebur ya sha shi kaɗai, zafin ya lafa, bai yi komai ba. Ciwon yana nan wurin iyalinsa, zai kuma dawo masa. Maganinsa sai a sha tare, a sha cikakke, yadda likita ya rubuta. In gidan mata biyu ne ko uku, duka za su sha.

Ƙofa ta uku ita ce tsargiya, wato fitsarin jini. A ruwan tabki da ruwan kwari da ba ya gudu ake ɗaukar ta, wajen wanka da wanki. Da can har cewa ake yi alamar balaga ce ga yaro. Cuta ce. Ƙwanta yana maƙalewa a mafitsara, yana kuma maƙalewa a bakin mahaifa da hanyoyin ƙwai. Tun shekara ta 2004 aka fara rabon maganinta a Nijar, a makarantu da ƙauyuka. In masu rabo sun zo, kada ki ɓoye ƴarki.

Akwai kuma dalilan da ba na toshewa ba. Wata ta yaye da daɗewa, amma in ta matsa nono sai ruwa ya fito, jinin wata kuma yana yi mata wasa. Wannan yana hana ƙwai nuna, kuma akwai ƙwayar da ke gyara shi. Wata ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, nono bai zo ba, haila ba ta dawo ba. Wata ƙari ne ya fito mata a mahaifa. Shekaru ma suna da nasu. Daga 35 zuwa sama, ƙwan mace yana raguwa.

Ana yawan ɗora laifi a kan maganin tazarar haihuwa. Ƙwayar ba ta kashe mahaifa. Allurar wata uku kuwa takan sa ciki ya yi jinkirin watanni bayan an bari, wani lokaci har kusan shekara, sannan jiki ya koma yadda yake.

Dabino namiji, dabino mace

Yanzu kai nake wa magana, maigida. Duk mai dabino a kwarin Gidigir ko na Bune ya san akwai namiji, akwai mace. Komai kyan macen, komai ruwan da ta sha, in garin furen namiji bai kai gare ta ba, ba ta ba da dabinon kirki. Mai hankali in ya ga haka, itatuwan biyu yake dubawa.

Likitoci sun ce, in aka tara gidajen da haihuwa ta yi jinkiri, wajen rabinsu akwai hannun namiji a ciki. Za ka ce, ai na taɓa haihuwa, ga ɗana nan. Gaskiya ne. Ita ma ta taɓa haihuwa, ga ɗanta nan. Yadda jikinta ke iya canzawa bayan shekaru, haka naka. Ciwon sanyi yana toshe hanyar irin namiji. Hangum in ya kama babba ya sauka ga maraina, yana rage iri. Taba da ƙwayar tramol suna rage shi. Zazzaɓi mai zafi ma yana rage shi na ɗan lokaci, domin iri yana ɗaukar wata biyu da rabi kafin ya nuna.

Ka kuma sani, ƙarfin namiji wajen iyalinsa daban, lafiyar iri daban. Mutum yana iya zama da ƙarfinsa sarai, irin da ke cikin maniyyinsa ya yi kaɗan. Ido ba ya ganin wannan, sai madubin likita.

A wani ƙauye da na koyar, akwai wani bawan Allah da uwargidansa ta haihu sau ɗaya, sai shiru. Ya sake ta, ya auri wata. Shiru. Ya ƙara ta uku. Shiru. Ta farko da ta biyu duk sun yi aure a wasu garuruwa, duk sun haihu. Mutanen gari sun gane, ba mai iya faɗa masa. Ya sayar da awakinsa wajen aure uku. Kuɗin akuya ɗaya da ya kai shi Damagaram ya dawo da shi. Ƙara aure halal ne, ba ni da ta cewa a kai. Amma kishiya ba maganin ciwo ba ce. In ciwon a jikinka yake, amarya ma za ta samu rabonta.

Akwai kuma zancen tafiya. Maza da yawa a nan suna tafiya bida Najeriya, ko Libiya, ko wajen haƙar zinariya. Mutum ya yi wata goma a waje, ya zo ya yi wata biyu, ya koma. Sannan a ce matarsa ta shekara uku ba ciki. A lissafin gaskiya, wata shida suka yi tare.

Cikin da ya kwanta

Mu mata muna da wata magana. In jini ya ɗauke wata biyu ko uku, sannan ya dawo, sai mu ce cikin ya kwanta. Wata takan yi shekara biyu tana cewa tana da kwantaccen ciki. Na san daɗin maganar nan. Tana rufe bakin dangin miji, tana kuma kwantar da zuciya. Amma likitoci sun ce ciki mai rai ba ya barci. Wata 9 ne da ƴan kwanaki. Abin da muke kira kwanciya, wani lokaci ɓari ne ƙarami, wani lokaci ƙwai ne ba ya nuna a kan kari, wani lokaci ƙari ne ke kumbura mara. Awon fitsari ko hoton da ake kira eko yana raba gardama a rana ɗaya. Shekara biyun da aka yi ana jiran ciki ya tashi, shekara biyu ce ta neman magani ta wuce.

Ranar kasuwa kuma kin ga masu magani da lasifika, kowa yana cewa nasa yana wanke mahaifa. Ba zan hana ki addu'a da rubutun sha ba, ni ma ina yi. Abu ɗaya nake roƙon ki. Kada ki cusa komai a gabanki, ko saiwa, ko gari, ko kanwa, ko wani haɗi. Wurin yana da laushi. Abin da aka cusa yana iya ƙona shi, ya ƙara tabo a kan tabo.

Tafiyarmu Damagaram

Bayan na yaye yaro, mun yi ta sa ido. A gidan suna sai wata ta miƙo mini jariri ta ce, karɓi ko kya yi zuciya. Dangin maigida suka fara kawo masa sunayen ƴanmata. Wata rana yaron da kansa ya tambaye ni, me ya sa kowa yana da ƙane ban da shi. Wannan ta fi duk sauran zafi.

Malam ne ya ce mu tashi mu je a duba mu. Mun fara da asibitin Gure, aka ba mu takarda zuwa Damagaram. Tafiyar ta fi kilomita 150. Mun tara kuɗin mota da na awo tun daga kaka, domin irin wannan awo biya ake yi.

Shi aka fara dubawa, don nasa ya fi sauƙi. An ce ya yi ƴan kwanaki bai kusanci iyali ba, sannan ya ba da maniyyi a ƴar kwalba. Ya ce mini kunyar da ya ji ba ta kai ta minti goma ba. Nasa ya fito lafiya. Ni kuma aka yi mini eko. Bayan haka aka zuba wani ruwa a mahaifa aka ɗauki hoto, don a ga ko ruwan zai bi hanyoyin nan biyu ya fita. Akwai ɗan ciwo kamar na haila. Hoto ya nuna ta hagu a toshe, ta dama a buɗe. Likita ya tambaye ni ko na taɓa zazzaɓi bayan haihuwa. Na ce ƙwarai. Ya ce to, ga sawunsa nan. Ya kuma ce hanya ɗaya tana isa ciki ya shiga, sai dai abin yakan ɗauki lokaci.

Har yau da nake rubuta miki wannan takarda, ban samu na biyu ba. Ba zan yi miki alkawarin da likita bai yi mini ba. Wata za ta je a ba ta ƙwaya ta wata uku, ta samu. Wata sai an yi mata aiki. Wata hanyoyinta biyu duk sun toshe. Irin wannan akan haɗa ƙwai da iri a waje a mayar cikin mahaifa. A Ingila aka haifi yarinya ta farko ta wannan hanya a 1978, ana kuma yin aikin a Abuja da Legas, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Abin da na samu a tafiyar nan shi ne sani. Na daina zargin maƙwabciya da sammu. Na daina ba masu lasifika kuɗina. Malam kuma ya samu amsar da yake ba danginsa.

Abin da za ki rubuta

Yanzu kin iya riƙe alƙalami. Ki ware shafi ɗaya a bayan littafinki, ki yi wannan aiki.

1. Ranar da jini ya fara zuwa, ki rubuta kwanan wata. Ita ce rana ta 1. Ki yi haka kowane wata.

2. Ki ƙirga kwanakin da ke tsakanin farkon jini da farkon na gaba. Ƙwai yakan fito wajen kwana 14 kafin jini na gaba. In naki 28 ne, kwanakin sa rai su ne daga rana ta 10 zuwa ta 15. In 30 ne, ki ƙara kwana 2.

3. A kwanakin nan za ki ga wani farin ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Ba ciwo ba ne. Alama ce ƙwai ya kusa fita.

4. Ki rubuta watannin da maigida yake gida.

5. In kun yi wata 12 tare, ba kya shayarwa, ba kya shan maganin tazara, ciki bai shiga ba, ku tafi gidan likita ku biyu, da littafin a hannu. In kin wuce shekara 35, wata 6 ya isa.

Mai goyo kuma kada ta tayar da hankalinta. Shayarwa takan jinkirta dawowar haila, kuma hutun shekara 2 tsakanin haihuwa da sabon ciki shi likitoci ke so. Iyayenmu ma a kan haka suke yaye.

Ke kuma mai ciki yanzu, rigakafi ya fi magani. A shekara ta 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin aikin fidda jariri, a 2006 ta ɗauke na awon ciki. Ki je awo. Ki yi ƙoƙari ki haihu a gidan likita. Bayan haihuwa ko ɓari, in kin ji zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ko jini ya yi wari, a kai ki ran nan, kada a jira arba'in. Ɗa na biyu tun a jegon na farko ake kiyaye hanyarsa.

Ga iyayenmu da maƙwabta

Inna, ke da kike da suruka mai ɗa ɗaya, na san jika kike so, ba mugunta ba ce. Amma gorin da ake yi mata ba ya buɗe hanya. In kina son taimako, ki ce wa ɗanki ya ɗauke ta su je a duba su tare. Maganarki ta fi tawa nauyi a wurinsa. Ki tuna Annabi Zakariya sai da ya tsufa ya samu ɗa. Nana A'isha, matar Manzon Allah, ba ta haihu ba, kuma ita ce ake kira Uwar Muminai.

Ƴar'uwa, in kin gama karanta wannan, ki karanta wa wadda ba ta iya ba tukuna. In kina jin nauyin yi wa maigida zancen, ki ajiye masa takardar kusa da akushinsa, a buɗe a wurin dabino.

Allah ya ba masu nema, ya raya waɗanda aka samu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.

Daga malamar karatun manya, Gure, jihar Damagaram.